Suna da Hausa, Ciki da Faransanci: Jaridun Jam'iyyar Sawaba da Aikinsu a Ƙasar Damagaram, 1954-1965

Taƙaitawa

Wannan maƙala ta duba tarihin jaridun jam'iyyar Sawaba da irin aikin da suka yi a ƙasar Damagaram, tun daga kafa jam'iyyar UDN a 1954 har zuwa murƙushe yunƙurin ƴan Sawaba a 1964 da 1965. An kwatanta su da *Deshabhimani*, jaridar ƴan kwaminis na jahar Kerala ta ƙasar Indiya, wadda ake bugawa cikin harshen Malayalam. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, harshen da aka buga jarida da shi, da yawan masu iya karanta shi, su ne suka raba makomar jaridun biyu tun kafin hukuma ta sa hannu.

1. Gabatarwa

A shekarar 1957 an kafa gwamnatoci biyu na masu ra'ayin talakawa a wurare biyu masu nisa da juna. A watan Afrilu, E.M.S. Namboodiripad ya zama shugaban gwamnatin jahar Kerala, bayan jam'iyyar kwaminis ta Indiya ta ci zaɓe. A watan Mayu kuma, Djibo Bakary ya ɗauki ragamar majalisar gwamnati ta farko a Nijar, bayan jam'iyyarsa ta samu kujeru 41 cikin 60 a zaɓen 31 ga Maris. Dukansu biyu ƙuri'a ce ta kawo su, dukansu kuma wata hukuma da ke bisansu ce ta kawar da su: Faransa ta ga bayan gwamnatin Djibo a 1958, gwamnatin tarayya ta Nehru ta rushe ta Kerala a watan Yuli na 1959.

Kowace cikin jam'iyyun nan biyu tana da jarida. Amma *Deshabhimani* har yau tana fita kullum, alhali jaridun Sawaba sai mai bincike ya shiga ɗakunan ajiyar takardun tarihi kafin ya ga ƴan lambobin da suka tsira. Tambayoyin da za mu bi su ne: wane aiki waɗannan jaridu suka yi a wuri kamar Damagaram, inda masu karanta Faransanci ba su taka kara sun karya ba? Me ya sa kuma ba su yi tsawon rai ba?

Masana sun yi rubutu mai yawa bisa wannan zamani. André Salifou ya fitar da tarihin sarautar Damagaram a 1971, Finn Fuglestad ya rubuta tarihin Nijar a 1983, Djibo Bakary da kansa ya ba da nasa labarin cikin *Silence ! On décolonise* a 1992, sannan Klaas van Walraven ya fitar da babban littafinsa bisa Sawaba a 2013. Sai dai galibin waɗannan ayyuka sun ɗauki jaridun a matsayin madogarar da ake ciro labari daga ciki. Mu kuwa jaridar kanta muke son dubawa: wa ya rubuta ta, da wane harshe, ta wace hanya ta isa ga jama'a.

Wajibi ne mu faɗi tun farko cewa Sawaba ba ta taɓa kiran kanta jam'iyyar kwaminis ba, ko da yake ƴan mulkin mallaka sun riƙa liƙa mata wannan suna. Abin da ke tabbas shi ne, shugabanninta sun taso cikin ƙungiyoyin ƙwadago masu alaƙa da CGT ta Faransa, sun koyi tsarin jam'iyya daga ƴan kwaminis, kuma bayan an haramta ta, ƙasashen gurguzu ne suka karɓi ɗalibanta da mayaƙanta. Wannan ya isa ya halatta kwatancin.

2. Jarida a matsayin kayan aikin jam'iyya

Tun lokacin da Lenin da abokansa suka kafa *Iskra* a 1900, jam'iyyun gurguzu suka ɗauki jarida a matsayin abin da ke haɗa kan ƴan jam'iyya. Ra'ayin shi ne, aikin tattara labari daga rassa, da buga shi, da rarraba shi, da karɓo kuɗinsa, shi da kansa yana gina jam'iyya, domin wanda ya saba kai jarida ƙauye kowane mako ya riga ya zama wakili. A Faransa, *L'Humanité* da Jean Jaurès ya kafa a 1904 ta koma hannun ƴan kwaminis bayan rabuwar 1920, kuma ita ce abin koyi ga ƴan siyasar Afirka da suka yi hulɗa da wannan jam'iyya bayan yaƙin duniya na biyu.

A Kerala an bi wannan tafarki sawu da ƙafa. Tun 1935 Namboodiripad da abokansa suke da wata jarida mai suna *Prabhatham*. Da Ingila ta ɗage haramcin da ta sa wa jam'iyyar kwaminis a 1942, sai suka fito da *Deshabhimani*, wato "mai kishin ƙasa", a garin Kozhikode ranar 6 ga Satumba, tana fita mako-mako. A watan Janairu na 1946 ta koma ta kullum. Namboodiripad, wanda ɗan gidan masu ƙasa ne, ya sayar da gadonsa ya ba jam'iyya kuɗin, sauran kuma aka riƙa tarawa daga hannun manoma da leburori. An hana ta fita a 1948, ta dawo a ƙarshen 1951. Da jam'iyyar ta rabu biyu a 1964, jaridar ta bi ɓangaren CPI(M), wanda ke riƙe da ita har yanzu.

Abubuwa biyu ya kamata mai karatu ya riƙe daga wannan labari. Na farko, da harshen da ake ciniki da shi a kasuwa aka buga ta, kuma a lokacin zaɓen 1957 kusan rabin mutanen Kerala sun iya karanta wannan harshe. Na biyu, ko waɗanda ba su iya ba suna da hanyar ji: akwai ɗakunan karatu a ƙauyuka, akwai teburan masu shayi, kuma a wuraren naɗa sigarin gargajiya da ake kira *bidi* ma'aikata kan keɓe mutum ɗaya ya riƙa karanta musu jarida da ƙarfi, su kuwa su yi masa nasa rabon aikin. Wanda ke saurare yana jin maganar marubuci kai tsaye, ba tafinta a tsakani.

3. Damagaram kafin zuwan jaridu

Damagaram ba baƙuwar rubutu ba ce. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, fada tana da malamai masu rubuta wasiƙu da Larabci zuwa Barno da Kano da Agadas, fataken Zango kuma suna hulɗa da Tarabulus. Makarantun allo sun bazu a birni da ƙauye, ajami kuwa shi ne rubutun waƙa da wasiƙa da lissafin bashi. Da Faransawa suka ci Zinder a 1899, sun tarar da jama'a mai nata ilimi. Amma sun ɗauke shi abin tuhuma, musamman bayan 1906, lokacin da suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya musu tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodebuwa. Sarautar ba ta dawo ba sai 1923.

Zinder ce hedkwatar ƙasar daga 1911 har 1926, sa'ad da aka mai da ita Yamai. Wannan ƙaura ta bar wa mutanen gabas wani miki, domin manyan lakkwal da ayyukan gwamnati sun bi hedkwata zuwa yamma. A lakkwal ɗin nasara kuwa Faransanci kaɗai ake koyarwa, ana hukunta yaron da ya yi Hausa a aji. A 1960, yaran Nijar da ke zuwa lakkwal ba su kai 5 cikin 100 ba. Wato an samu masu karatu iri biyu da ba su karanta rubutun juna: ɗimbin almajirai da malamai masu Larabci da ajami a gefe guda, da ƴan tsirarun mushe da akawuna da ma'aikatan likita masu Faransanci a ɗaya gefen.

Ta fuskar tattalin arziki, gujiya ce ta sauya ƙasar. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano kafin yaƙin duniya na farko, noman gujiya ya bunƙasa a Magarya da Matamaye da Tasawa, kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka kafa kantuna da ma'auni. Ko bayan 1953, da aka ɓullo da shirin *Hirondelle* don karkatar da kaya ta Dahome, gujiyar gabas ta ci gaba da bin hanyar Kano. Wannan ciniki ya haifar da wani sabon rukunin mutane: direbobin kamyo da yaransu, ƴan dako, ƴan kamasho, teloli, makanikai, ƙananan ƴan kasuwa, da mata masu zaman kansu. Ƙafarsu ɗaya tana ƙauye, ɗaya tana bariki. Binciken van Walraven ya nuna cewa waɗannan mutane su ne ƙashin bayan Sawaba.

4. Jaridun da masu rubuta su

Sai a 1946 ƙofar siyasa ta buɗe, da aka soke aikin tilas da dokar *indigénat*, aka ba mutanen ƙasashen mallaka ƴancin kafa ƙungiya da buga jarida. A watan Mayu na wannan shekara aka kafa PPN, wadda ta zama reshen RDA. Da RDA ta yanke hulɗa da jam'iyyar kwaminis ta Faransa a 1950, Djibo Bakary ya ƙi bin wannan layi, ya rabu da PPN, ya koma aikin sandika. Dokar ƙwadago ta ƙasashen mallaka, ta 15 ga Disamba 1952, ta ba ƴan sandika makami, domin yanzu akwai rubutaccen haƙƙi da za a nema: awoyin aiki, hutu, mafi ƙanƙancin albashi. A 1954 ya kafa *Union Démocratique Nigérienne*, wadda jama'a suka fi sani da kirarinta, Sawaba.

Jaridar UDN ita ce *Le Démocrate*. Ƙungiyar sandikar da ke tare da ita kuma tana da tata, mai suna *Talaka*. Bayan an kori jam'iyyar daga ƙasa, shugabanninta sun fitar da *Gaskya* da kuma wata mai ɗauke da sunan jam'iyyar, *Sawaba*. Irin waɗannan jaridu na jam'iyyu da sandika a Afirka ta Yamma ta Faransa galibi ƴan shafuka ne kaɗan, da yawansu da keken rubutu da injin roniyo ake yin su, kuma sukan fita ne lokacin da kuɗin takarda ya samu.

Abin lura a nan shi ne sunayen. *Talaka*, *Gaskya*, *Sawaba*, duka kalmomin Hausa ne da kowane ɗan dako ya san nauyinsu. "Talaka" ta raba duniya biyu, masu sarauta da waɗanda ake mulka. "Sawaba" kuwa ta ƙunshi sauƙi bayan wahala, wato hutawa daga haraji da aikin tilas da wulaƙancin gardi. Amma da an wuce sunan, abin da ke ciki Faransanci ne, da kalmomin da aka gada daga CGT da *L'Humanité*. Sunan yana kiran talaka, rubutun yana magana da ɗan lakkwal da gwamna da abokan gwagwarmaya na Paris da Dakar.

Bai kamata mu ɗauki wannan a matsayin sakaci kawai ba. Marubutan da Faransanci aka horar da su, Hausar boko kuwa ba ta da daidaitacciyar ƙa'ida a Nijar a lokacin, ba ta kuma da masu karatu, tun da ba a koyar da ita ko'ina. Ajami yana da masu karatu, amma keken rubutun ofis ba ya buga shi. Bugu da ƙari, jam'iyyar tana son ta zama ta ƙasa duka, ta Zabarmawa da Barebari da Fulani da Abzinawa, kuma abokan hamayya suna jiran ta ba su dalilin kiranta jam'iyyar Hausawa masu son haɗewa da Nijeriya.

A Damagaram, mutumin da ya fi wakiltar wannan aiki shi ne Abdoulaye Mamani. An haife shi a 1932 a gabashin ƙasar, ya yi aikin sandika a Zinder, aka zaɓe shi wakilinta a majalisa yana da shekara 25 ko kusa da haka, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan masu alƙalamin jam'iyyar. Ya yi gudun hijira, ya zauna a Aljeriya, ya dawo bayan juyin mulkin 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta ɗaure shi. Littafinsa *Sarraounia* ya fito a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Ya rasu cikin haɗarin mota a 1993. Rayuwarsa ta nuna cewa jaridar jam'iyya makaranta ce: a nan wani rukuni na samari ya koyi rubutu don jama'a, kuma adabin Nijar ya ci moriyar wannan horo. Ta kuma nuna iyakar abin, domin labarin sarauniyar Lugu, wanda da Hausa aka riƙa ba da shi, da Faransanci ya shiga littafi.

5. Yadda takarda ke komawa magana

In haka ne, ta yaya jarida ta yi tasiri a Birni da Zango da Sabon Gari, balle a Mirya ko Magarya? Amsar tana cikin tsarin jam'iyyar. Takarda takan taso daga Yamai cikin kamyo, a hannun direba ko yaron mota ɗan jam'iyya. In ta iso, sakataren reshe, wanda sau da yawa akawu ne ko mushe ko ma'aikacin gidan waya, shi ke karantawa. Daga nan sai ya juya ta da Hausa a taron dare ko a shagon tela. Waɗanda suka ji su ɗauka zuwa tasha da ma'aunin gujiya da kasuwannin mako. Mawaƙa da mata ƴan jam'iyya kuma su ɗauki abin da ya fi daɗin faɗi su sa shi cikin waƙa da habaici.

Wannan hanya tana da ƙarfi, tana da rauni. Ƙarfinta shi ne, lamba ɗaya tana iya isa ga mutane masu yawa, kuma maganar baka ba ta da shaidar da jandarma zai kama. Rauninta shi ne, mai fassara shi ke da iko da saƙon. Kalmomi irin su *autonomie interne* ko *fédération* ba su da takwarorin da aka amince da su, saboda haka kowane sakatare yakan ba su ma'anar da ta dace da damuwar masu sauraronsa: a wani wuri farashin gujiya, a wani wuri zaluncin sarkin kanto. Abin da ɗan Kerala ya ji daga bakin mai karatu shi ne abin da edita ya rubuta. Abin da Badamagare ya ji kuwa ya riga ya bi ta bakin mutum biyu ko uku.

Akwai darasi a nan ga ɗalibanmu masu bincike. Wanda ya karanta *Le Démocrate* ya ce ya san abin da talakan Damagaram ya fahimta da Sawaba, ya yi kuskure. Jaridar tana gaya mana abin da shugabanni suke so a sani. Abin da aka ji a tasha sai an nemo shi cikin waƙoƙi, da hirar tsofaffi, da rahotannin ƴan leƙen asiri waɗanda su ma ta bakin tafinta suka bi.

6. Iskar Kano

Tsakanin Zinder da Kano tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka, kuma abin da ya faru can ya sha bamban. Ingilishi sun shigar da Hausar boko cikin makaranta da ofis. *Gaskiya Ta Fi Kwabo* ta fara fita a Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana editanta. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta riƙa buga jaridun larduna, irin su *Sodangi* a Kano da *Himma* a Katsina. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa ranar 8 ga Agusta 1950, ta samu fili a jaridar *Daily Comet* ta Kano, wadda ke da shafin Hausa da Tanko Yakasai ya riƙe shekaru da dama. Mawaƙanta kuma, irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja, sun rubuta waƙoƙin siyasa da ake bugawa ana rerawa.

Kalmar "sawaba" kanta kirarin NEPU ce tun kafin a kafa UDN, har fitacciyar ƴar gwagwarmayar Zariya, Gambo Sawaba, ta ɗauke ta suna. Fataken Damagaram da direbobinta da almajiranta masu zuwa ci-rani suna cikin wannan iska kullum. Don haka muna iya cewa siyasar talakawa ta iso Damagaram ta ƙofa biyu: tsarin jam'iyya da takardun Faransanci daga Yamai, kalmomi da waƙoƙin Hausa daga Kano. Hukumar Faransa ta san da wannan, shi ya sa alaƙar Sawaba da NEPU ta zama abin da ya fi tayar mata da hankali a gabashin ƙasar.

7. Daga ƙuri'ar raba gardama zuwa ɓoye

A watan Nuwamba na 1956 UDN ta haɗe da BNA, jam'iyyar da sarakuna da yawa ke goyon baya. Wannan haɗi ne ya kawo nasarar 1957, shi ne kuma ya zama ramin da aka faɗa. Gwamnatin Djibo ta tuɓe waɗansu sarakunan kanto, sauran suka tsorata. Da jam'iyyar ta yanke shawarar cewa "a'a" ga tsarin De Gaulle, Faransa ta aiko da sabon gwamna, Don-Jean Colombani, wanda ya jawo sarakuna da manyan BNA zuwa ɓangaren "i". A ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, cikin mutane kusan 1,320,000 da aka rubuta, kimanin 372,000 aka ƙidaya wa "i", kimanin 102,000 "a'a". Mafi yawan jama'a ba su fito ba.

Wannan lokaci ya gwada iyakar jaridar jam'iyya. Kumandan yana da mota da gardawa da sarakunan da ke iya tara ƙauye da umurni ɗaya, alhali saƙon Sawaba yana tafiya ne bisa kamyon wani, yana jiran mai fassara. Duk da haka, a zaɓen 14 ga Disamba 1958 Sawaba ta ci kujerun Zinder da Tasawa, sai aka soke sakamakon. Wato a wuraren da hanyar baka ta fi ƙarfi, jam'iyyar ta tsaya da ƙafarta har sai da aka yi amfani da ikon hukuma. Ranar 12 ga Oktoba 1959 gwamnatin Diori Hamani ta haramta ta.

Daga nan aikin jarida ya sauya. Shugabanni suna Bamako, daga baya Akra, suna buga *Gaskya* da *Sawaba* da ƙasidu irin su *Les raisons de notre lutte*. Waɗannan rubuce-rubuce suna da masu karatu iri biyu. Na waje su ne gwamnatoci da ƙungiyoyin da ake neman taimakonsu a Gana da Aljeriya da Sin da gabashin Turai, waɗanda ake son su yarda cewa jam'iyyar tana da rai. Na cikin gida su ne ƴan rassan ɓoye, waɗanda takardar ke iso musu ta kan iyakar Nijeriya cikin kayan fatake. A wurin waɗannan, isowar takardar ta fi abin da ke cikinta muhimmanci, don tana nufin ba a manta da su ba. Amma kuma ita ce shaidar da ake kama mutum da ita, a tuhume shi da farfaɗo da haramtacciyar jam'iyya. Wani abin mamaki shi ne, wannan kamun ne ya sa waɗansu lambobi suka tsira, domin ƴan sanda sun adana abin da masu shi suka ƙone don tsoro.

Jaridar gudun hijira tana da wata illa kuma. Mai rubutu daga nesa, wanda ke son gamsar da masu ba shi makamai, yakan kai ga gaskata abin da ya rubuta. Lokacin da mayaƙan Sawaba suka shigo ƙasar a watannin Satumba da Oktoba na 1964, sun zaci jama'a za su tashi tare da su. Hakan bai faru ba. An kama mafi yawansu, an harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai cikin Oktoba, kuma bayan harin gurneti da aka kai wa Diori a filin idin babbar salla a watan Afrilu na 1965, kamun ya ƙara tsanani. Faɗuwar Nkrumah a Fabrairu 1966 ta rufe ƙofar da ta rage.

8. Me ya raba makomar jaridun biyu?

Dalili na farko shi ne doka. An hana *Deshabhimani* fita shekara uku, amma jam'iyyarta ta koma fagen zaɓe, har ta sake kafa gwamnati a 1967. Sawaba kuwa ta yi fiye da shekara talatin a haramce, ba ta dawo fili ba sai zamanin taron ƙasa na 1991, kuma ta dawo a rabe biyu, magoya bayanta sun tsufa.

Na biyu shi ne kuɗi da kayan aiki. Ƴan Kerala sun mallaki injin buga jaridarsu da kuɗin magoya baya, masu saye kuma suna biya kullum. Jaridar da masu iya karanta ta ƴan ɗaruruwa ne a gari ba za ta iya ciyar da kanta ba, sai dai ta dogara ga aljihun jam'iyya, in jam'iyya ta faɗi ta faɗi tare da ita.

Na uku, wanda a ganinmu shi ne tushen na biyu, shi ne harshe. Da a ce ba a haramta Sawaba ba, da wuya jaridar Faransanci ta zama abin da ɗan dako zai saya da kuɗinsa. Ƴan Sawaba sun gaji matsalar da lakkwal ɗin nasara ta haifar, ba su kuma samu lokacin warware ta ba, tun da mulkinsu bai kai shekara ɗaya da rabi ba.

9. Kammalawa

Gurbin da jaridun jam'iyya suka kasa cikawa, rediyo ne ya cika shi. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Nijar ya fara aiki a 1958, na Pekin ya soma Hausa a 1963. Jaridun Hausa da suka fito a Nijar daga baya, irin su *Muryar Damagaram*, na hukumar yaƙi da jahilci ne, aikinsu koyar da karatu da noma da tsabta, siyasa kuwa ba ta cikin huruminsu. Taron Bamako na 1966 ya daidaita haruffa, amma bai samar da masu karatu ba. Ko da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa, *Haské* ta fito a 1990, *Anfani* ta biyo baya, sai ga tsohon salon ya dawo: suna da Hausa, ciki da Faransanci. Muhawarar siyasa da Hausa ta koma gidajen rediyo masu zaman kansu, yanzu kuma ga saƙonnin murya na wayar salula.

Saboda haka muna ba da shawara biyu ga sassanmu na tarihi da na harsuna. Ta farko, a tattara lambobin jaridun nan da ke warwatse a Yamai da Faransa, a ɗauki hotonsu, a ajiye kwafi a jami'ar Zinder, inda jikokin masu karanta su suke. Ta biyu, a gaggauta naɗar abin da ya rage a bakin iyalan ƴan Sawaba a Zango da Magarya da Tasawa, musamman waƙoƙin mata da kalmomin da aka yi amfani da su wajen juya Faransancin jam'iyya zuwa Hausa. Rabin tarihin waɗannan jaridu yana kan takarda, ɗaya rabin yana wurin mutanen da aka karanta wa su, kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.